Ni da Salangar Surukata

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Nasara suka zauna a Agadas ba, kuma ba don bindigoginsu ba. Sa'o'ina in an taɓo zancen lokacin, kowa sai ya kawo labarin raƙuman da aka ƙwace masa, ko yadda ya harari kumandan (daga nesa dai, bayan ya wuce). Ni nawa labarin a makewayin surukata ya faru, kuma rabinsa a ƙarƙashin ƙasa.

Lokacin ina sabon ango, baduku, ina ɗinka takalma da jakunkuna a bakin kasuwa. Mai ɗakina sunanta Hadiza, katanga ɗaya ta raba gidana da na uwarta. Tsohuwar ita kaɗai take zaune. Mijinta ya rasu, ɗanta namiji kuma Nasara sun tasa shi gaba da raƙumansa, ya kai musu kaya Bilma.

Yaran yanzu ba za su gane irin kunyar da ke tsakanina da matar nan ba. Ba ta faɗin sunana, ba na faɗin nata (ga shi ta yi shekaru a ƙasa, har yau bakina ya ƙi). In na hango ta a lungu, sai in ja amawali, wato leɓen rawanin da ke rufe baki, har ƙarƙashin ido, in sake hanya. A wurinmu suruka ta ga bakinka a buɗe, kamar ta gan ka ba wando ne.

To, salangar gidanta ce ta fara ba da wahala. Rami ne aka shimfiɗa wa itacen goruba, aka daɓe da laka, aka dasa wuyan tsohon tulu a tsakiya ya zama baki. Wuyan ya yi ƙanƙanta, ga ruwan damina ya zuba yashi a ciki. Yau Hadiza ta zura sanda ta buɗe shi, jibi ya sake toshewa. Magina kuwa babu ko ɗaya a gari, duk an kwashe su aikin dole, suna gina wa Nasara gida. Za ka ce don me ba ta shiga namu makewayin ba? Haba! Suruka a makewayin suruki? Sai dai ta ɗauki buta da sandarta, da gwiwoyinta masu ciwo, ta nufi bayan gari. Can kuma 'yan bindigar Nasara suka kafa sansani, har wata safiya suka hango ta suka yi ta shewa.

Ban san komai ba sai ranar da Hadiza ta ajiye mini abinci, ta zauna ta ƙi tashi.

"Inna ta bar cin tuwo," in ji ta. "Hura kaɗai take kurɓa, ita ma ba yawa."

"Ba ta da lahiya?"

"Lahiyarta lau. Cewa ta yi wanda bai ci ba, ba ya neman bayan gari." Ta share ido da bakin zane. "Kada ka kuskura ta san na hwaɗa maka. Mutuwa ta hi mata sauƙi."

Na mayar da lomar da ke hannuna cikin akushi. Wannan mata da ta ba ni 'yarta ba tare da ta wahalar da ni ba, tana ramewa a bayan katangata saboda wuyan tulu. Nan take na ƙudura zan gyara abin da kaina, a ɓoye, ta tarar da shi kamar daga sama. Na ce a raina, wanda ya iya huda fata ya ɗinke, laka za ta gagare shi? Karambanin akuya ke nan, gai da kura.

Dama ta samu ranar da aka yi suna a wata unguwa, uwa da 'ya suka tafi tare. Na kwaɓa laka, na sami tulu mai faɗin wuya na fasa gindinsa, na ɗauki dagi na haura katanga. Na tsaya ƙyam a tsakiyar daɓen, ƙafa nan ƙafa can, na shiga saran tsohon wuyan da ƙarfin sabon ango. Ban tambayi kaina a kan me nake tsaye ba. Ashe gara ta daɗe da cinye itacen da ke ƙasa, laka ce kawai ke riƙe da mutuncina.

Na ji ƙarar ɓas, sannan duniya ta yi sama. Kafin in ce innalillahi na nutse har hammata, gwiwoyin hannuna ne kaɗai suka tokare ni a bakin ramin. Abin da ƙafafuna suka tarar a ƙasa ba zan faɗa ba, wataƙila kana cin abinci. In na motsa, laka ta ƙara ɓantarewa. In na yi ihu, maƙwabta su cika gidan, kafin la'asar kasuwa ta san abin da tsohuwar ke ɓoyewa. Rawanina kuma ya warware, amawali ya zame ya koma wuya. Na rataye a nan ina karanta duk abin da na iya, har da wanda ban iya ba.

Sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a zaure. Ita ce. Jiri ya ɗebe ta a wurin suna, ta baro Hadiza ta dawo ta kwanta. Ta ji nishi a makewayi, ta leƙo.

Ranar na fara ganin fuskar surukata sosai, ita ma ta fara ganin bakina, a hangame. Na yi addu'ar ƙasa ta ƙarasa aikin da ta fara. Amma ko a cikin wannan hali na lura da idanunta, irin na Hadiza sak, sai dai sun faɗa ciki, wuyanta kuma duk ƙashi. Tausayi ya kama ni, ni da ya kamata a tausaya wa.

Ta kau da kai, ta ja zane ta rufe fuska. Na ce shi ke nan, ta tafi kiran mutane. Sai na ga ta matso a kaikaice, tana kallon katanga, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata, ta miƙo hannu tana lalube. Ba hannuna ta nema ba. Amawalina ta kamo, ta ja shi ta rufe mini baki har kan hanci, ta soke bakinsa a bayan kunnena yadda ba zai zame ba. Sannan ta tashi ta fita.

Ta dawo tana jan taɓare biyu, akuyarta na biye da ita. Ta gitta su a bakin ramin, ɗaya gabana ɗaya bayana. Sauran magana. Ba ta iya yi mini, ba na iya yi mata. Sai ta dubi akuyar.

"Ke akuya, ki hwaɗa wa baƙonmu shi ɗora ƙirji bisa wagga, shi kama waccan. Kada shi yi gaggawa."

Na ce da muryar da ban san tawa ba ce, "Akuya, ki ce an gode."

Akuyar dai ba ta kai saƙon kowa ba, wutsiyar rawanina ta samu take tauna. Na yi ta fama, ina ja ina zamewa, har na fito na kife a ƙasa kamar fatar da aka tsamo daga ruwan jima. Tsohuwa ta ba ni baya tana numfashi.

"Akuya," ta ce, "tambaye shi, mi ya kawo baduku cikin ramin mutane?"

Da na ce ɓatan hanya na yi, da ta karɓa, don rufin asiri. Amma bakina ya riga ni. "Akuya, ki ce na ji tuwo na kwana cikin akushi a gidan ga."

Na ga kafaɗunta na rawa, ban sani ba kuka ne ko dariya, ina jin duka biyun ne.

"Akuya, ɗiyata ba ta da cikin riƙe magana, zan gamu da ita," ta ce daga baya. Ta fyace hanci. "Ki ce mishi ina ta kukan ɗan da na haihwa yana Bilma, ashe akwai wani nan bayan katanga. Allah shi yi mishi albarka. Amma don Annabi shi tashi shi yi wanka."

Ta ajiye mini duk ruwan tulunta, a garin da ruwa sai an je rijiya, da toka, da rigar marigayi mijinta da wandonsa. Marigayin gajere ne. Na haura katanga na koma gida da wando a ƙauri, Hadiza ta dawo ta tarar da ni cikin kayan ubanta. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta yi kuka.

Tunda na rusa tsohuwar salanga gaba ɗaya, ba sauran ɓoye-ɓoye. Na haƙa sabon rami a ɗaya kusurwar, Hadiza na kwashe ƙasa, na sa sabon itace, na gwada kowanne da dagi kafin in yarda da shi. Kafin daɓen ya bushe, tsohuwar ta yarda tana zagayawa gidanmu in na tafi kasuwa. Ni kuma in zan dawo, tun daga bakin lungu nake fara tari kamar mai ciwon ƙirji. Ba wanda ya ji labarin faɗuwata a Agadas. Tsohuwar ta riƙe shi har ta koma ga Allah, yau ni da bakina nake tona kaina.

Ranar da aka fara amfani da sabuwar, Hadiza ta shigo da akushi ta kife shi a gabana, ko ɓurɓushi babu.

"Ta cinye," ta ce. "Har ta tambaya ko da saura a tukunya."

Na yi ɗinkin da manyan fatake suka yaba, amma ban taɓa jin daɗin aikin hannuna kamar ranar ba. Na ce hayaƙin murhu ne ya shige mini ido, na fita zaure.

Shi ya sa in saurayi ya zauna a rumfata yana cika bakin zai burge surukai, nakan ce masa ya yi, abu ne mai kyau. Sai dai kafin ya ɗaga dagi, ya fara duba a kan me yake tsaye, don ba kowace suruka ce za ta fara rufe masa baki kafin ta toshe hancinta ba.