Rasuwar Tankin da Ba a Taɓa Cikawa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu suke warin fetur, malamin lissafin nan mai ritaya da unguwa ta sani da Malam Lita Huɗu yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da maƙwabtan da suka riga suka ji kuma suka riga suka gama dariyarsu, rasuwar tankin man motarsa. Marigayin ya rasu ranar Asabar da hantsi a gidan mai, gaban famfo na biyu, yana da shekara talatin da huɗu, bayan doguwar jinyar da kowa ya sani ban da mai shi.

Marigayin ya shigo gidan nan ne a ƙarƙashin motar mahaifin Malam, kuma tun daga ranar aka san shi da wadatar zuci. An ƙera shi don ya ɗauki lita hamsin, amma bai taɓa ganin abin da ya wuce huɗu a lokaci guda ba, bai kuma taɓa kai ƙara ba. Dokar gidan ce haka. Mahaifin Malam, Allah ya jiƙansa, ya yi imani cewa motar da aka san tana da mai ba ta mai ita ba ce, ta unguwa ce. Da tsohon ya rasu, Malam a matsayinsa na ɗan fari ya gaji motar da makullinta da dokar, haɗe da wata sanda da tsohon ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, wadda ake zurawa cikin tankin kowace safiya a ga inda mai ya tsaya.

Ba za a manta da abokiyar zaman marigayin ba, wato allurar da ke nuna yawan mai a gaban direba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce fulota ta lalace, 'yar robar nan da ke yawo a kan mai cikin tanki tana aika wa allura labari. Allura ta kwanta a ƙasa ta yi zamanta. Da wani ne, da sai ya gyara. Malam kuwa ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Duk wanda ya zo aron mota, sai ya kama hannunsa cikin mutunci, ya kai shi ya murɗa makulli, ya nuna masa. Telan bakin layi kaɗai an nuna masa allurar nan sau bakwai. Malam yana so a sani cewa bai taɓa yi wa maƙwabci ƙarya da bakinsa ba, allura ce take yi masa wannan aikin.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. Idan an faɗa rami yakan ce ƙwalam-ƙwalam, irin na cikin da bai karya kumallo ba. Idan an ƙwanƙwasa shi yakan amsa da ƙwam. Idan kuma an buɗe murfinsa sai ya ce fuu, wanda Malam ya ɗauka godiya ce, sai yanzu ya gane ajiyar zuciya ce.

Game da ciwon ajali, bakanike ya yi bayani tun da daɗewa. Tankin da kullum yake wayam, iska ce ke cika shi, iska ta kawo raɓa, raɓa ta haifi tsatsa. Mota ta fara tari a kan hawa. Matatar mai ta riƙa toshewa da wani jan gari. Malam ya ɗora laifin a kan masu sayar da mai, ɗaya bayan ɗaya, har ya ƙare gidajen man garin ya dawo kan na farko.

Da haka za a ci gaba har abada, sai ga saƙo cewa ƙanwar mahaifiyar Malam tana kwance ba lafiya a garin da take aure, tafiyar awa biyar. Ita da Inna, mahaifiyar tasa, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Auta, ƙanin Malam, yana da sabuwar mota mai sanyi a ciki, kuma kowa ya ɗauka shi zai kai Inna dubiya, domin shi yake kai ta ko'ina. Amma Inna, wadda ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kuma taɓa roƙonsa ko da allurar ɗinki ba, ta kira matarsa ta ce, "A gaya wa wancan shi zai kai ni. A motar ubansa."

Malam ya yi shekara sittin da ɗaya yana jiran magana irin wannan. Ya shiga ɗaki ya fito, ya sake shiga, bai san abin da ya je ɗauka ba. Uwargida ce ta dawo da shi duniya. Ta ce tsohuwa ba za ta hau hanya bisa lissafin sanda ba, domin ita ba ta manta ranar da ta tura motar nan da kayan biki a jikinta ba. A gyara allura, a cika tanki, ko a kira Auta.

Aka kai marigayin garejin bakanike ranar Laraba. Aka sauke shi, aka zaro fulota, aka tarar ta huje ta sha mai ta nutse tun zamanin da. Aka samo wata daga gawar wata mota sa'arta aka saka. A nan ya kamata a tsaya. Bakanike ya haska cikin tankin da tocila, ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya ce, "Malam, a bar shi haka. Tsatsar nan ita ke riƙe da shi."

Malam ya yi shekara talatin yana ba yara sifili saboda aikin da aka yi rabi, ba zai yiwu bakaniken da ya taɓa zama ɗalibinsa ya koya masa barin aiki ba. Ya ce a wanke. Aka zuba tsakuwa da tsofaffin notina a ciki, shi da bakanike suka kama gefe da gefe suka yi ta girgizawa, marigayin yana kuka caka-caka, suna cewa sauƙi ne ke zuwa. Aka juye tsatsa kwano uku. Ciki ya yi fes. Aka mayar da shi, aka gwada ko yana yoyo. Da lita nawa aka gwada? Da huɗu mana. Ko ɗigo bai zubar ba, allura kuma ta ɗan ɗaga kai, Malam ya koma gida yana gaida mutanen da ba su gaishe shi ba.

Ranar Asabar Inna ta shiga kujerar baya da jakarta da ƙullin tsarabarta. Suka tsaya a gidan mai. Mai zuba mai, wanda ya san shi shekara da shekaru, ya riga ya danna huɗu. Malam ya leƙo ya ce a cika. Mutumin ya ce, "Na'am?" Malam ya maimaita da ƙarfi yadda na famfo na ɗaya ma zai ji.

Allura ta tashi. Ta wuce kwata, ta wuce rabi, ta shiga wuraren da ba ta taɓa zuwa ba, Malam yana kallonta idonsa ya cicciko, domin ya yi farin ciki irin wanda bai yi ba tun ranar da aka ba shi aiki. Sai aka ji ɗis. Aka sake jin ɗis. Daga nan sai shaaa. Saman tankin, wanda bai taɓa haɗuwa da fetur ba tun da aka ƙera shi, ya zama rariya, tsakuwa kuma ta kwashe 'yar tsatsar da ke rufa masa asiri. Aka kashe famfo, aka kawo yashi, aka fito da Inna da sauri. Malam ya kwanta ƙarƙashin mota da farar rigarsa yana goga sabulu a ramuka, ya toshe ɗaya uku su buɗe. Mai walda ya zo ya danna ƙarfen da yatsa, yatsan ya shige, ya yi wa Malam ta'aziyya ya tafi.

Auta ya iso cikin minti ashirin. Ya buɗe wa Inna ƙofa. Kafin ta shiga ta koma motar mijinta ta ɗauko sandar awo, ta tafi da ita ba ta kalli kowa ba. Malam ya tsaya a cikin yashi da sabulu a hannu, yana kallon motar Auta har ta ɓace.

Marigayin ya bar mota ɗaya da ba ta motsi, murfi mai lafiya ƙalau, sabuwar fulota da ta yi aikin kwana uku, da kuma allura, wadda ta koma ta kwanta inda ta saba. Ana gayyatar telan bakin layi ya zo ya duba ta karo na takwas, domin wannan karon gaskiya take faɗa.

Za a ɗauki gawar daga garejin bakanike gobe da ƙarfe goma, a kai ta makwancinta wajen mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ana roƙon masu rakiya kada su kunna ashana ko taba, kada kuma kowa ya ce ai na faɗa, domin bakanike da uwargida sun riga sun faɗa a madadin jama'a. Ba za a yi zaman makoki ba. Jiya Auta ya dawo shi kaɗai, da labarin mai jiki ta samu sauƙi, da kuma saƙon Inna: ta ce a gaya wa wancan sandar ubansa tana hannunta, kuma ita da sandar ba za su dawo ba sai a motar da suka fito gida a ciki, wato ta ubansa. Saboda haka duk mai son yin ta'aziyya, ya taimaka ya kawo ta a matsayin labarin inda za a samu tankin irin wannan motar. Malam yana garejin tun safe.