Keke a Ragaya

Har na tsufa ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da maigidana ya sami keke. Masinjan hakimi ne a Wurno, zamanin da Di'o ke zuwa rangadi, kuma ba ya yarda keken nan ya kwana waje. Ga ɗakin ƙarami: gado, jerena, sai keke jingine da bango. In zan wuce sai na karkace.

Matsi bai dame ni ba. Yaron ne, ɗan farina, ya fara rarrafe, kullum sai ya kama taya ya miƙe, keken na rawa a kansa. Ba ni barci. Ba kuma wanda zan gaya wa, don mace mai kunya ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa.

Ran nan ina kallon ragayar da nake rataye ƙwaryar nono, sai dabara ta zo. Na tufka igiyar rama biyu, na zarga a azara, na maƙala tayoyin na ja. Keke ya koma sama, ƙasa ta buɗe (har maigidan ya ce, "Ashe kina da kai").

Sai ga Inna, uwar mijina, da ƙanwarta daga Goronyo. Don in nuna fili, na shimfiɗa musu tabarma daidai ƙarƙashin keken, na kawo musu fura. Yaron ya rarrafa wurinsu, ni na kau da kai kamar ban san shi ba.

Muna gaisawa sai na ji ƙas daga sama, ƙasa ta zubo.

Ban san sadda na tsallake ƙafafun Inna ba. Na shure furar baƙi, na fizgo yaron na ƙanƙame, ina "Wayyo Ummaruna!"

Keke ko motsi bai yi ba. Ƙadangare ne ya bi azara ya wuce.

Inna ta share fura daga zanenta a hankali. Ta dubi ƙanwarta ta ce, "Kin ji? Ashe ta san sunanai."

Ƙanwar ta ce, "Mi anka yi anka yi? Ƙara hwaɗi, ɗiyata, ba mu ji da kyau ba."

Kafin la'asar ana kirana Uwar Ummaru a bakin rijiya.

Keken dai na nan sama inda na sa shi. Amma na koyi abu guda: in baƙi sun zo, a tsakar gida ake shimfiɗa tabarma.