Rasuwar Gwaggo, Jitar Bas Mai Tsirkiya Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu bai sauka ba, ni Tahiru Maliki na unguwar Birikiteri nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jitata ta bas, wadda makaɗan Yawunde suka sani da suna Gwaggo. Ta cika ranar Laraba da la'asar, tana da shekara goma sha ɗaya a hannuna. Shekarunta a hannun Baturen da ya fara mallakarta, Allah ne masani.

An sa mata Gwaggo ne saboda muryarta. Ba ta ihu, ba ta shiga gaban kowa, daga baya take gunaguni, gum, gum-gum, gum, amma in ta yi shiru minti ɗaya sai masu rawa su fara kallon juna. Wuyanta a miƙe yake tsaf, kuma in an ɗaure tsirkiyarta ranar Juma'a haka za a same ta wata Juma'ar. Ba zan ɓoye aibinta ba: tana da nauyi, kafaɗata ta hagu shaida ce, kuma kunnenta na uku na ɗaure tsirkiya sai da filaya yake juyawa.

Marigayiya mai rufin asiri ce. Shekarar da kiriz, wato karayar tattalin arziki, ta kai mu ƙasa aka sallame mu daga ofis, ita ta ɗauki gidana. Bikin Fulani, sunan Hausawa, taron mutanen kudu masu kiɗan bikutsi, duk ta je ba ta zaɓa ba. Da aka karya darajar kuɗin sefa tsirkiya ta gagari talaka, babbar tsirkiyarta ta tsinke, na sa mata wayar birkin babur. Ta cinye min yatsu, amma ta yi magana.

Ga yadda ajali ya zo. Wani mai ƙungiyar makaɗa a unguwar Messa ya rasa mai bas, ya aiko in zo ranar Asabar da kayana a gwada ni, aiki na dindindin, na farko da ya leƙo ni cikin shekara huɗu. Laraba da safe na taka har Messa don mu tsayar da magana. Ina can ruwa ya kece, kwanon ɗakinmu ya yi abin da ya saba, Gwaggo ta jiƙe sharkaf.

Nan ne Baballe ya shigo. Baballe wan matata Rahinatu ne, mai tsire a bakin titi, mutumin kirki wanda tun sallamata yake cewa in bar kaɗe-kaɗe in zo in koyi juya nama, ni kuma na rantse yatsun da suka san bas ba za su taɓa tsinke ba. A iliminsa, duk abin da ya jiƙe aka bar shi ruɓewa yake yi. Sai ya ɗauke ta, ya mulke ta da man ƙuli tun daga kai har gindi, ya buga ƙusa a saman tukubarsa ya rataye ta. Tun hantsi har la'asar yana juya ta, wannan gefe ya sha wuta, wancan ma ya sha, don kada a ce ya yi ha'inci.

Da na dawo ya miƙo min ita yana murmushi, ya ce in duba, ko ɗigon ruwa babu. Gaskiya ya faɗa. Wuyan ya lanƙwashe kamar lauje, allon yatsu ya ɗago, tsakanin tsirkiya da katako sai da yatsuna biyu suka shige. Na jona ta da amfuli, akwatin ƙara mata murya. Ta ce zzzz, ta ce ƙirrr, daga nan ba ta ƙara ba. Mai gyaran rediyo ya shinshina ta ya ce a kai wa kafinta, kafinta ya ce shi ba ya miƙar da abin da ya gasu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne babu wanda zan zaga. Da ɓarawo ne, da na yi kuka na huta. Wannan kuwa taimako aka yi min, har Rahinatu na tuna min in yi godiya.

Ta rasu ta bar amfuli ɗaya mai tari, da igiyar ratayawa, da wayar birki, da ni da yara uku da muka ci daga jikinta. Gurbin Messa tun Alhamis aka ba wani.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, daidai lokacin da aka ce in zo gwaji. Liman ya ce katako ba ya buƙatar salla, don haka za a naɗe ta a tsohon zanen Rahinatu a tura ta ƙarƙashin gado. Kada kowa ya kawo tsire sadaka. Masu gaisuwa su zo gida kafin Litinin, don daga Litinin sai dai su same ni a tukubar Baballe ina juya nama. Ƙusar tana nan, daidai saman kaina.