Ranar da Yaya Ya Je Roƙa Mini Hutu

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka saka ni cikin kwamitin shari'ar manoma da makiyaya ba. Mu biyar ne, muna zama a Maradun Laraba biyu a wata. Sauran kwanakin ina Talata Mafara ina cinikin shanuna. Amma tun da aka miƙo mini takarda mai hatimi, na ɗauki kaina cikakken ma'aikacin gwamnati. Har jakar hannu na saya (babu komai ciki sai biro da goro).

Da kaka ta yi, wana Yaya Sani, mai riƙe da gonarmu ta gado a Tsibiri, ya aiko in zo cirar gyaɗa kamar kowace shekara. Ni kuwa gani nake bai dace a ga mai yanke hukunci duƙe a gona ba. Na aika masa cewa aikin gwamnati ba a barinsa sai da hutu, kuma na rubuta takardar nema ba a amsa ba. Na rubuta ɗin kuwa, shafi biyu cur.

Na manta Yaya mutum ne mai ɗaukar magana da gaske. Ran Laraba muna tsakiyar zama sai ga shi da rigarsa ta Juma'a. Ya gaida shugabanmu, ya gaida kowa har masu ƙara, sannan ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, alfarma niz zo nema. A ba ƙanena hutu ko na kwana bakwai, kada gyaɗa ta tsire cikin ƙasa."

Shugaba ya cire tabarau. "Hutun mi, Malam? Wanga ai ba ma'aikacinmu na ba, mamba na na ɗan lokaci. Hutun shekara sai ma'aikacin dindindin. Shi kwana biyu yaka zuwa ga wata, sauran duk nashi na."

Wani makiyayi da nake yi wa faɗa kafin shigowar Yaya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Kunya ta rufe ni, na shiga laluben jaka kamar akwai wani abu a ciki.

Yaya bai ko kalle ni ba. Ya yi godiya, ya miƙe, ya ce, "To madalla. Gobe Alhamis."

Kwana tara na yi a duƙe a gona. A nan na gane kafin mutum ya nemi hutu, gara ya fara tabbatarwa yana da aiki. Jakar kuwa ta yi amfani, a cikinta na kawo wa iyali gyaɗa.