Don Baldomero Ya Hana Zuba Toka

"Ni da ƙanƙara mun san juna," in ji Don Baldomero Quilodrán, yana shafa tumbi. "In ta hango ni tafe, da kanta take narkewa don kunya."

A shagon Doña Fresia ya saki wannan magana, ana zagaye da murhu, ƙoƙon shayin mate yana yawo hannu zuwa hannu, a waje kuwa dusar ƙanƙara ta kai gwiwar doki. Idan ba ka taɓa ganin Don Baldomero ba, bari in zana maka shi. Gajere ne, tumbinsa ke fara shiga ɗaki ya yi sallama kafin shi ya iso, gashin bakinsa kamar tsintsiyar da ta gaji da shara. Da ƙuruciya ya yi hunturu ɗaya a birnin Punta Arenas, kuma har yau bai gama dawowa ba. Shi dai cewa yake shi ke share wa jiragen sama filin sauka. Matarsa Doña Ercilia ta ce dankali yake ferewa a wani gidan abinci da ake jiyo ƙarar jirgi daga nesa.

To, a ƙauyenmu na Tres Lengas ɗakin taro a kan tudu yake, hanyar hawa kuwa guda ce tak, a miƙe kamar tsani. In hunturu ya kama, kowace safiya kowane gida zai kwashe tokar murhunsa ya barbaɗa a hanyar, ƙafa ta samu abin kamawa. Haka muka taso muka gani. Ga bikin San Juan ya matso, ranar da ake hawa da babbar tukunyar farfesun kyafaffen nama, a ci a sha, sannan a zaɓi shugaban kwamitin ƙauye. Doña Fresia ce a kan kujerar. Don Baldomero kuwa ya daɗe yana auna faɗin kujerar nan da ido.

"Toka!" ya ce, ya tsuke baki kamar ya tauna ta. "Mutane da mutuncinsu su riƙa hawa taro kamar kajin da suka yi birgima a juji! A Punta Arenas, in ka zuba toka a hanya, dariya za a yi maka har ka tsufa."

"To me suke zubawa, maƙwabci?" Doña Fresia ta tambaya, tana ƙara ruwan zafi a ƙoƙo.

"Ilimi," ya ce, ya ƙwanƙwasa goshi.

Tsoho Don Eleuterio, wanda ya fi kowa shekaru a ƙauyen, ya ce, "Buhu nawa ka zo da shi?"

Aka kwashe da dariya. Doña Fresia ta ce, "Shi ke nan, maƙwabci, hanya taka ce daga yau. Idan ranar San Juan tukunya ta hau, tsofaffi suka hau, ba tare da mun zuba toka ba, ni da bakina zan ce a ba ka kujera."

Don Baldomero ya miƙe, ya gyara hula. A ransa har ya fara tunanin matashin da zai ɗora a kan kujerar.

Abu na farko da ya yi, kafa doka: ba zuba toka. Da yake ya san halin matan ƙauyenmu, sai ya ɗauki buhu ya bi gida gida yana karɓe ta.

"Ka zo da wuri, shugaba," in ji wata. "Ga kashin kaji ma a baya, ko za ka haɗa?"

Bai kula ba. Babban mutum ba ya tsayawa cacar baki a ƙofar kicin. Ya tara buhunan ya hau da su kan tudu, ya jibge a wata tsohuwar rumfa gefen ɗakin taro, ya jingina su da ginshiƙinta, inda hannun mace ba zai kai ba sai ta hau.

Sai dabara ta farko. Ya hau da duro biyu, ya cika su da dusar ƙanƙara a bakin ɗakin taro, ya haɗa wuta da itacen da aka tanada don biki. Da ruwa ya tafasa, sai ya kira jama'a su zo su sha kallo.

"Me ke kashe sanyi?" ya ɗaga murya daga sama. "Zafi! Ku matsa, kada ilimi ya ƙona ku!"

Ya tuntsurar da duro. Ruwa ya kwararo yana tururi, dusa ta narke, ga ƙasa baƙa wuluk ta bayyana tun daga sama har ƙasa. Kai, har wasu suka tafa. Don Baldomero ya sauko yana taku ɗaiɗai, hannu a baya, kamar mai duba sojoji. Tokar wutar da ya hura ma bai bari ba, sai da ya ɗura ta a buhu ya ƙara a rumfa.

A gida Doña Ercilia ta dube shi ta ce, "Tsoho, ruwan nan da ka zuba, ina zai kwana?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki, tsohuwa."

A hanya ya kwana. Da gari ya waye, tudun Tres Lengas ya zama madubi. Madubi fa na gaske, wanda za ka tsaya a ƙasa ka gyara gashin baki. Karen Don Eleuterio ne ya fara gwadawa. Ya ɗan hau, ƙafafunsa huɗu suka rabu kowace ta kama gabanta, ya dawo da baya yana juyi, ya tsaya a gaban ubangidansa yana kallonsa kamar mai neman bayani.

"Wannan shi ne matakin farko," in ji Don Baldomero, ko gezau. "Sai an daidaita fili tukuna. Haka muke yi wa jirage."

Dabara ta biyu, gishiri. Ya kwashe na dabbobinsa, bai isa ba, ya faki idon Doña Ercilia ya haɗa da wanda ta ajiye don farfesun biki. Ya tsaya a gindin tudu yana watsawa sama da shebur, yana bayani ga duk mai kunne.

Waɗanda suka fi kowa fahimtar bayanin su ne awaki. Wata guda suna tauna busasshiyar ciyawa ba ɗanɗano, sai ga wani bawan Allah ya shimfiɗa musu gishiri a fili. Kafin ya ajiye shebur, awakin ƙauye kaf sun iso, da na Fresia, da na Eleuterio, da wasu da ba a san masu su ba. Suka durƙusa suka kama lasa.

"Kai! Kai! Na gwamnati ne!" Don Baldomero ya bi su da hula. Wani bunsuru ya ɗago ya dube shi, gemu da gemu, ya ci gaba da aikinsa.

Da suka watse, ba ƙwayar gishiri ko ɗaya. Madubin da jiya ke da 'yar ƙura, yau an goge shi da harshe, yana ɗaukar ido.

"Mataki na biyu ke nan?" Don Eleuterio ya tambaya. "Sai a sa ranar saukar jirgi."

Doña Ercilia kuwa sai da ta zaga maƙwabta da kofi a hannu tana aron gishiri, kuma duk gidan da ta shiga sai ta bar musu labarin dankalin Punta Arenas.

Ranar San Juan ta zo. Jama'a suka taru a gindin tudu cikin mayafan ulu, maza biyu ɗauke da tukunya a kan sanda, ƙamshi na tashi, ciki na kuka. Wasu mata sun zo da 'yar tokar safiya a bokiti.

"A'a, ku ajiye," in ji Doña Fresia. "Alkawari alkawari ne. Ina shugaban hanya?"

Sai ga shi ya ɓullo, jiƙe har ƙirji. Ashe tun da sassafe ya kutsa ta gefen tudu, cikin dusar da ba tsohon da zai iya ratsawa, ya ɗaura doguwar igiya a sama ya jefo ta ƙasa. Ƙafarsa kuwa sanye da takalman da ya bubbuga wa ƙusoshi, tsininsu a waje, yana tafiya yana tattale ƙafa kamar agwagwa.

"Ga igiya, ga ƙusa," ya ce. "Wanda ya faɗi yau, ganin damarsa ne."

"A jikin me ka ɗaura ta, tsoho?" in ji Doña Ercilia.

"A jikin abin da ya fi bakinki ƙarfi."

A ginshiƙin rumfar toka ya ɗaura ta. Ginshiƙin da kakan Don Eleuterio ya kafa, wanda ya daɗe yana tsaye don ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Don Baldomero ya tofa yawu a tafin hannu ya kama hawa. Kuma gaskiya ya hau. Ƙusa na kamawa, igiya na ja, tumbi na gaba. Da ya kusa kaiwa, da ya yi shiru ya ƙarasa, da yanzu wani labarin nake ba ka. Amma ina! Ga jama'a a ƙasa, ga shi a sama, yaushe za a sake samun irin wannan mumbari? Ya juyo, ya naɗe igiya a hannu ɗaya, ya kwanta da nauyinsa duka a kanta, ya cire hula da ɗaya hannun.

"Jama'ar Tres Lengas! Daga yau, zamanin toka ya..."

Ƙarass!

Ginshiƙi ya ce shi ma ya gaji. Rumfa ta durƙusa, buhunan toka suka gangaro kamar tumakin da aka buɗe wa garke. Na gaba ya share ƙafafun Don Baldomero, ya tashi sama, ya sauko daɓas a kansa kamar mahayi. Ya matse buhun da ƙafa don neman tsira, ƙusoshin takalmi suka farke shi gefe da gefe.

Daga nan fa tafiya ta miƙa. Buhu na gudu, toka na feshi dama da hagu, sauran buhunan na biye suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe tudu. A tsakiyar hanya buhun ya ƙare, amma Don Baldomero bai ƙare ba. Ya ci gaba a kan abin da Allah ya ba shi na zama, yana daddale tokar da kyau, yana ihu:

"Ercilia! Tare ni! Ercilia!"

"Ku matsa da tukunya!" shi ne abin da Ercilia ta ce.

Ya iso ƙasa, ya yi juyi biyu, ya tsaya cak a gaban Doña Fresia. Fari fat tun daga hula har takalmi, ba abin da ke motsi sai idanu. Ya yi atishawa, gashin bakinsa ya ba da hayaƙi.

Sai Don Eleuterio ya dogara sanda ya je bakin hanya, ya ɗora ƙafa ɗaya, ya murza. Ta kama. Ya ɗora ta biyu.

"Tun da nake," ya ce, "ban taɓa ganin an zuba toka ta yi kyau haka ba. Ashe haka ake saukar jirgi a Punta Arenas."

Tsoho ya hau, tukunya ta hau, kowa ya hau, ko zamewa ba wanda ya yi. Don Baldomero ne ƙarshe, yana ɗingishi.

Kana tsammani ya yi shiru? Ba ka san shi ba ke nan. Ana gama raba farfesu ya miƙe daga bencin baya, toka na zuba daga kunnensa.

"Tambaya ɗaya gare ni. Tukunya ta hau ko ba ta hau ba? Tsofaffi sun hau ko ba su hau ba? Akwai wanda ya zuba toka a cikinku?"

"Babu, maƙwabci," in ji Doña Fresia. "Kai kaɗai ka zuba. Aikin ƙauye guda ka yi shi a zama ɗaya. Irin wannan baiwa ba a ɓata ta a kan kujera."

Aka ɗaga hannu. Kujera ta zauna wurin mai ita. Sannan aka ƙirƙiro sabon muƙami, ba hamayya, har yara suka ɗaga hannu bibbiyu: Sarkin Toka na Tres Lengas, mai bin gida gida kowace safiya da buhu har hunturu ya wuce.

Don Baldomero ya ɗan yi tunani. Sarauta dai sarauta ce. Ya gyara hula, ya taka zuwa gaban ɗaki don ya yi jawabin godiya, ya juya wa jama'a baya.

Nan ɗakin ya fashe. Bayan wandonsa yana can a kan tudu, rabi a sama rabi a tsakiya. Abin da ya rage sai taga biyu, a buɗe, jajur.

Doña Ercilia ta ajiye ludayi, ta share hawayen dariya da gefen mayafi.

"Tsoho," ta ce, "ba kai ka ce in ƙanƙara ta gan ka kunya ke narkar da ita ba? Maza fita waje ka juya mata baya. Yau hunturu ya ƙare."