Yadda Ake Burge Suruki Masunci da Sabuwar Wuƙa

Kana son 'yar masunci, amma ba ka san kogi ba sai ta saman gada? Kwantar da hankalinka, wannan hanya sai ta kai ka ɗakin aure. Tsado ne shaida, ɗan acaɓan Minna da ya zo Muregi neman Nnawo, alhali ubanta Nda Jiya ya rantse ba zai ba ɗan tudu 'yarsa ba.

1. Sayi wuƙa mai ban tsoro.
Ban da mai naɗewa. Nemi wadda ƙarfenta ya zarce tun daga tsini har ƙarshen ƙota. Tsado ya nuna wa kowa wannan ƙarfen, har wanda bai tambaya ba.

2. Tsufar da ita.
Sabuwar wuƙa tonon asiri ce. Goga mata laka, ka shafe kuben da man kifi har kuliyoyin unguwa su riƙa raka ka masallaci.

3. Rage magana.
In an shiga jirgi, ƙura wa ruwa ido ka ce, "Lallai ya canza." Ruwa kullum cikin canzawa yake, ba mai ƙaryata ka.

4. Riga kowa zare ta.
Da aka jawo taru, wani kifi mai tumbi, sulɓi-sulɓi, ya faɗo gaban Tsado. Kowa ya ɗage ƙafa. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

"Baba, bar mini wannan," in ji shi.

"Bismilla, ɗana," in ji Nda Jiya, yana matsawa can ƙarshen jirgi.

Minjirya ce, kifin nan mai wutar lantarki a jiki, wadda ko ɗan yaye a Muregi ya san da itace ake buge ta. Tsado ya caka mata ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu.

5. In ihu ya zo, kar ka riƙe.
Tsado ya kira uwarsa da sunan yanka, ya antaya kogi. Nnawo, da ta zo ɗaukar kifi a nata jirgin, ta yi nutso. Ta tsamo wuƙar tukuna, sannan shi.

Tsoho ya yi dariya har da hawaye. "Riƙe shi, 'yata. In muka saki wannan a duniya shi kaɗai, Allah zai tambaye mu."

Gargaɗi: babu ruwana da karkarwa, sanƙarewar hannu, ko sunan Angon Minjirya da zai bi ka har jikoki. Wuƙar dai tana nan lafiya. Nnawo ke gyaran kifi da ita, kuma duk ranar da Tsado ya miƙa hannu sai ta ce, "Ajiye, maigida, wannan ta manya ce."