Ni da Maganin Awaki

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da zan manta sunayen jikokina. Ranar ce matan unguwarmu a Kademi suka taru a gidan mai unguwa, kan ko za a ci gaba da barin matan aure suna zuwa ajin yaƙi da jahilci. Surukata Talatu ta yi wata biyu tana zuwa da izinin ɗana Sule, ni kuwa na rantse sai na raba ta da ajin nan.

Na miƙe na gyara mayafi (in dai magana ce, ba a haifi wadda za ta kayar da ni ba). Na ce, "Yau biro, gobe waya. Jibi sun hau mota sai Kano. Gata maza sun koma tuƙa tuwo. Citta kuwa a nemi aure a rasa a ƙasar Gaya kaf!"

Har wasu na gyaɗa kai. Na zauna ina jin kaina kamar alƙali. Tsabar ɗaga murya kaina ya sara, sai na kwance bakin zane na ciro maganin hawan jinin da Sule ya sayo mini a Ajingi.

Talatu ta matso ta durƙusa, ta raɗa mini, "Inna, ki yi haƙuri, a jikin takardar nan an rubuta na awaki."

Ƙawata Abu, wadda kunnenta ba ya ji sai abin da ba a so ta ji, ta kwatsa, "Na awaki? Af! Yau maganin akuya, gobe dusa, jibi harawa, gata mu zo gaishe ki a turke!"

Aka tuntsire da dariya. Har matar mai unguwa sai da ta share hawaye.

Ashe ƙulli biyu Sule ya kawo, ya rubuta a kowanne, ni na musanya. Kwana uku ina shan na tsutsar ciki (akuyata kuwa tana shan na hawan jini, shi ya sa ta yi sanyin hali haka).

Talatu ce ta raka ni asibiti a Gaya, aka duba aka ce Allah ya kiyaye. Ba ta taɓa yi mini gori ba, Allah ya yi mata albarka. Har yau ba ta gudu Kano ba, Sule bai taɓa muciya ba. Yanzu in bakina ya fara jero jibi da gata, sai in tsaya in duba abin da ke hannuna yau tukuna. Ita ce ma take rubuta muku wannan, kuma ina ganin kafaɗunta na rawa don dariya.